Shawarar Lauya: Kada Ka Sa Hannu Sai Ka Ga Lissafi

Tambaya: Barista, na daɗe ina kaɗa jitar bes a wata ƙungiyar kiɗan post-punk (wani salon kiɗan rock) a Manchester ta Ingila, ba mu taɓa rubuta yarjejeniya ba. Yanzu na bar su, sai mawaƙinmu ya ce za su ba ni kuɗi a dunƙule in yafe komai. Ina da wani hakki kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, kana da shi, kuma don Allah ka dakata da sa hannun nan.

A Ingila, mutane in suka haɗu suna sana'a don riba, doka na ɗaukarsu abokan tarayya ko da babu takarda. Sashe na 24 na dokar haɗin gwiwar kasuwanci (Partnership Act) ta 1890 ya ce in ba a ƙulla wani rabo ba, raba daidai ake yi. Sashe na 28 kuma ya wajabta musu nuna maka cikakken lissafi.

Abin da ya sami Andy Rourke, mai jitar bes na tsohuwar ƙungiyar kiɗa ta The Smiths, shi ke sa ni wannan nacin. Shi da mai ganga Mike Joyce kashi 10 cikin ɗari kowanne ake ba su daga kuɗin faifai da wasanni, mawaƙin ƙungiyar Morrissey da mai jita Johnny Marr suna ɗaukar 40 kowanne. A 1989 suka kai ƙara. Bashi ya matsa wa Rourke, ya karɓi fam 83,000 da kashi 10, ya yafe sauran. Joyce ya dage, a 1996 Babbar Kotu ta ba shi kashi 25 da kusan fam miliyan ɗaya. Rourke kuwa sa hannunsa ya riga ya ɗaure shi, a 1999 aka ayyana arzikinsa ya karye.

Sai dai ka sani, yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce. In ka daɗe kana karɓar ƙaramin kaso da saninka, da wannan za su kare kansu. Kuɗin rubuta waƙa kuma daban ne, sai ka kawo shaidar cewa da kai aka tsara ta, don haka ka adana saƙonni da abin da kuka naɗa wurin atisaye.

Ka rubuta musu wasiƙar neman lissafi. Ka yi rajista da PPL, mai biyan makaɗa in an sa faifansu a rediyo. In kai mamba ne na ƙungiyar ƙwadagon makaɗa, Musicians' Union, ka kai musu takardar su duba. Na fi son ku yi sulhu, domin a can wanda ya faɗi shari'a galibi shi ke biyan lauyan abokin ƙara. Amma kada ka yi sanya, yawancin ƙarar kuɗi irin wannan wa'adinta shekara 6 ne.