Ƙanena, kada ka shigo Turai ta dajin Belarus

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya same ni a cikin bas ina dawowa daga aiki, na saurare shi sau biyu, bayan sallar isha'i kuma na sake saurara. Ka ce wani dillalin biza ya yi maka tayin takardar shiga makaranta a Rasha ko Belarus, ba don ka zauna ka yi karatun ba, sai don ka samu wurin sauka. Daga Minsk, babban birnin Belarus, za a kwashe ku a mota zuwa bakin iyaka, ku taka daji kwana ɗaya ko biyu, sai ga ku a Polan, daga nan sai Jamus. Ka ce ai ta fi hanyar Libiya sauƙi tunda babu hamada babu teku, kuma har Baba ya fara zancen sayar da gonar fadama a haɗa kuɗin. Kana so in faɗa maka ko hanyar tana ɓullewa, tunda ni a nan nake. Kai ne na uku da ya yi mini wannan tambaya a bana, shi ya sa na ga gara in amsa a fili kowa ya karanta.

Kada ka zo ta nan. Ina zaune a Biyalistok a ƙasar Polan, garin da tsakaninsa da iyakar Belarus bai fi tafiyar awa ɗaya a mota ba, kuma abin da dillalin nan bai gaya maka ba shi ne wannan iyaka ta tashi daga hannun masu duba fasfo ta koma hannun soja. Duk wanda ya nufo ta ta cikin daji, ba a kallonsa a matsayin ɗan ci-rani mai neman abinci. Kallon makamin abokin gaba ake yi masa.

Bari in gaya maka yadda aka zo nan, domin in ka gane asalin rigimar za ka gane ba taka ba ce. A watan Agusta na 2020 aka yi zaɓe a Belarus, shugaban ƙasar, Lukashenko, ya ce shi ya ci, mutane suka cika tituna, aka murƙushe su, Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da sakamakon. A watan Mayu na 2021 hukumomin Belarus suka tilasta wa wani jirgin fasinja da ya taso daga Atina zai je Bilniyus sauka a Minsk, suka cafke wani ɗan adawa da ke ciki. Turai ta ƙara musu takunkumi. Sai Lukashenko ya fito ya ce daga yanzu ya daina tare musu baƙin haure. Cikin 'yan watanni aka sauƙaƙa bizar Belarus, jirage suka riƙa sauke mutane daga Iraƙi da Siriya da Afganistan, ana nuna musu hanyar daji. A watan Nuwamba na shekarar dubban mutane suka taru a mashigar Kuznica ta iyakar Polan da Belarus, mata da yara a cikin sanyi, jami'an Polan na fesa musu ruwa da barkonon tsohuwa, na Belarus kuma sun tsaya a bayansu sun hana su komawa. Tun ranar nan 'yan siyasar Polan da na Tarayyar Turai suke kiran abin da sunan yaƙi, yaƙin da ake yi da mutane a madadin harsashi. Da Rasha ta afka wa Yukren a 24 ga Fabrairu 2022, har ta bi ta ƙasar Belarus da dakarunta, sai zancen ya zauna daram a zuciyar kowa.

A 2022 Polan ta kammala katangar ƙarfe mai tsayin mita biyar da rabi, tsawonta kusan kilomita 186, daga baya aka kammala sa mata kyamarori da na'urorin da ke jin motsi. A ɓangaren Belarus kuma akwai tsohon shingen waya tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Tsakanin shingayen nan biyu akwai wani siririn daji da Larabawan da suka bi ta wurin suke kira muharrama. Nan ne mutane suke maƙalewa. Ka haura katanga, 'yan Polan su kama ka su buɗe wata ƙaramar ƙofa su mayar da kai. Ka juya za ka koma Minsk, na Belarus su tare ka da karnuka da kulake su ce ka sake gwadawa. Gaba kura baya siyaki, kuma akwai waɗanda suka yi makonni a haka, suna shan ruwan fadama. A taswira wurin kamar taku goma ne, amma ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Shi kansa dajin, ba irin wanda ka sani ba ne. Na taɓa shiga dajin, wanda ake kira Biyalobieza, da rana tsaka a watan Oktoba tare da abokan aiki, a kan hanyar da aka share wa masu yawon buɗe ido. Na kauce kaɗan daga hanyar, ƙafata ta nutse cikin taɓo har ƙauri, ruwan kuma kamar an narkar da ƙanƙara. Manyan itatuwa sun faɗi sun gicciye ko'ina suna ruɓewa, kowace kusurwa iri ɗaya ce da 'yar'uwarta. Minti goma na yi da jiƙaƙƙen takalmi, yatsuna suka daina ji. To ka ƙaddara dare ne, watan Janairu, sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, wayarka ta mutu ko an fasa ta, kuma ka karye a idon sawu wajen dirowa daga katangar. Karaya da yankan waya su ne raunukan da likitocin yankin nan suka fi gani a jikin waɗanda aka tsinto.

Akwai wani ƙauye da ake kira Bohoniki, kusa da iyaka. Musulmi ne 'yan ƙabilar Tatar, sarkin Polan ya ba kakanninsu ƙasar tun 1679, suna da ƙaramin masallacin katako da maƙabarta a gefen daji. Mukan je can da Sallah. Tun ƙarshen 2021 su ne suke karɓar gawarwakin wasu daga cikin waɗanda suka mutu a iyaka, su yi musu wanka da sallah su binne su a wani layi a ƙarshen maƙabartar. Na tsaya a kan layin nan. Akwai kabarin wani saurayi ɗan Siriya da ya nutse a kogi, akwai na jariri, akwai kuma wanda babu suna a allonsa, sai haruffa biyu da ke nufin ba a san ko wane ne ba. Wallahi abin da ya zo mini a rai shi ne akwai wata uwa a wani gari da har yau take zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara. Allah ya saka wa mutanen Bohoniki da alheri, ya jiƙan waɗanda ke kwance a wurin. Ba na so in je Sallah wata shekara in yi maka addu'a a can.

Wataƙila dillalin ya ce maka da ka taka ƙasar Polan sai ka ce kana neman mafaka, dole su karɓe ka. Wannan tsohon zance ne. A ƙarshen Mayu na 2024 aka daɓa wa wani sojan Polan wuƙa ta tsakanin ƙarafan katangar, ya rasu a farkon Yuni. Bayan haka aka yi dokar da ta sassauta wa soja da masu gadin iyaka hukunci in sun yi amfani da bindiga a bakin aiki. A watan Maris na 2025 kuma aka fara aiki da dokar da ta ba gwamnati damar dakatar da karɓar neman mafaka a iyakar Belarus na kwana 60, aka kuma riƙa sabunta ta. An ware yara marasa rakiya da mata masu ciki da marasa lafiya. Saurayi lafiyayye irinka ba ya cikin waɗanda aka ware. Kuma ba gwamnatin masu ra'ayin riƙau ce ta yi wannan ba, gwamnatin Donald Tusk ce, mutumin da ya taɓa shugabantar Majalisar Shugabannin Tarayyar Turai. Ita ce kuma ta sanar da shirin Garkuwar Gabas na zuloti (kuɗin Polan) biliyan 10 don gina ramuka da shingayen tare tankokin yaƙi a wannan iyaka. Finlan ta rufe mashiganta na ƙasa da Rasha tun ƙarshen 2023 a kan irin wannan dalili. A Satumban 2025 jirage marasa matuƙa sun keto sararin Polan cikin dare har aka harbo wasu. Mutanen da nake zaune da su tsoron yaƙi suke yi da gaske, kuma mai jin tsoro ba ya tsayawa tambayar sunanka.

In ma ka tsallake duk wannan, Jamus ɗin da kake hange ta sa shingen bincike a iyakarta da Polan tun Oktoban 2023, daga Mayun 2025 kuma ta fara mayar da masu neman mafaka tun daga bakin iyaka. In an ɗauki hoton yatsunka a wata ƙasa, yana cikin rumbun da ƙasashen Turai suke dubawa tare.

Ni ban ce abin da ake yi a dajin nan daidai ne ba. Mayar da mutum mai rauni cikin sanyi zalunci ne ko da wace doka aka yi shi, kuma akwai 'yan Polan da yawa da suke faɗin haka, suna shiga daji da dare da miya mai zafi da busassun kaya, har wasunsu an gurfanar da su a kotu. Na kuma ga yadda ƙasar nan ta buɗe ƙofa ga 'yan Yukren a 2022, mutane na kai baƙi gidajensu, alhali ɗalibanmu da suka gudo daga birnin Kharkib na Yukren sun sha wuya kafin su tsallako, daga baya gwamnatin Najeriya ta aiko jirage ta kwashe su. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Amma jin ciwona ba zai buɗe maka ƙofar katangar ba.

Kai da ka san Agadas, wannan bai kamata ya zame maka baƙon abu ba. Dokar hana safarar baƙin haure da Nijar ta yi a 2015, wadda ta sa aka ɗaure direbobi aka ƙwace motoci, da goyon baya da kuɗin Turai aka aiwatar da ita, har sojoji suka soke ta a Nuwamban 2023. Haka aka yi da Turkiyya a 2016, da masu gadin tekun Libiya daga 2017, da Tunisiya a 2023, da Masar da Muritaniya a 2024. Inda maƙwabci zai karɓi kuɗi ya tare mutane, a biya shi. Inda kuma maƙwabcin abokin gaba ne kamar Belarus, a gina katanga a girke soja.

Sai kuma ita Rashar da za ka fara sauka. Akwai 'yan gida da suke karatun likita da injiniya a can tsakani da Allah, ba da su nake ba. Amma wanda ya shiga da takardar makarantar da ba zai halarta ba, bizarsa za ta mutu cikin 'yan watanni, ya zama ba shi da kowa a ƙasar da ke neman sojoji ido rufe. An sha ba da labarin 'yan Afirka da aka yaudara da alƙawarin aiki ko takardar zama suka tsinci kansu a fagen daga. Wani ɗalibi ɗan Zambiya da aka ɗaure a Rasha, daga kurkuku aka ɗauke shi zuwa yaƙin Yukren, a can ya mutu a 2022.

In karatu kake so da gaske, kuma na san kana da kai, nemi gurbi a ƙasar da kake son zama kai tsaye, ka shigo ta filin jirgi da biza a fasfonka. Ba zan ɓoye maka ba, ita ma ta yi tsauri. Polan ta matse bizar ɗalibai bayan badaƙalar biza ta 2023, yanzu ana tantance takardun makaranta sosai ana kuma neman shaidar ka iya harshen da za a koyar da kai. Jamus tana so ka ajiye yuro 11,904 a asusun da ake toshewa na shekara ɗaya. Kuɗi ne mai yawa, na sani. Shi ya sa nake so ka sa ƙarfinka a neman tallafin karatu irin na DAAD da Erasmus Mundus, waɗanda ba a biyan kowa sisi kafin a nema. Ni sai a karo na biyu na samu nawa, shekara guda na ƙara a gida ina koyarwa a makarantar unguwa ina gyara takarduna.

Turo mini sakamakon digirinka da fasfonka ta WhatsApp a wannan makon, mu zauna ranar Lahadi mu duba makarantun da suka dace da kai. Kada ka ba dillalin nan ko kwabo, kada kuma ka ba shi fasfo. Zan kira Baba da kaina bayan sallar Juma'a a kan maganar gonar. Ka gaishe mini da Inna.