Tambaya da Amsa: Gasar Gajerta Shirin Kwamfuta Ba Tare da Maimaita Harafi Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon harshen Python, kuma na ci karo da wata gasa da aka ce a rubuta shiri mafi gajarta wanda zai fitar da wata kalma a fuskar kwamfuta, da sharaɗin kada harafi ɗaya ya bayyana sau biyu a cikin shirin. Shin hakan na yiwuwa kuwa, kuma akwai wata fa'ida a cikinsa, ko dai ɓata lokaci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin yana yiwuwa, kuma tsohon wasa ne a tsakanin masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta. Suna kamanta shi da wasan golf, inda mai mafi ƙarancin bugu ne ke yin nasara, kuma masu amfani da harshen kwamfuta na Perl ne suka yaɗa sunan golf ga wasan a ƙarshen shekarun 1990. Da bayit ake auna tsawon shiri, wato ma'aunin girman bayanai wanda kowane harafin Turanci ko alama ta yau da kullum ke cin guda ɗaya, don haka ko sararin da ke tsakanin kalmomi biyu ana ƙirga shi.

Abu na farko shi ne ka karanta sharaɗin da idon basira, domin hana maimaita harafi daban yake da hana maimaita kowace alama. Idan kowace alama aka hana, to an ɗaure ka tamau: tsarin ASCII, wato jerin haruffan Turanci da lambobi da alamomi na asali a kwamfuta, yana da alamomi 95 kacal da ake iya bugawa, saboda haka shirin da ya tsaya a kansu ba zai wuce wannan adadi ba. A Python ma ba za ka iya rubuta jimla a tsakanin alamomin zance ba, tun da alamar da ta buɗe ita ce za ta rufe. A irin wannan hali ko lamba 100 sai da dabara, domin sifili biyu ke cikinta, sai dai ka rubuta print(25*4) ko print(0x64), kowanne bayit 11 a maimakon 10.

Naka sharaɗin ya fi sauƙi, tun da haruffa kaɗai ya shafa. Mu ɗauka kalmar ita ce Sannu. Hanyar da kowa ya sani ita ce print("Sannu"), bayit 14, amma harafin n ya fito sau uku a ciki, ɗaya a umarnin, biyu a kalmar. Mafita tana cikin sanin cewa kwamfuta lamba take gani, ba harafi ba, kuma lambar ƙaramin n ita ce 110. Python ya yarda a rubuta wannan lamba a cikin jimla ta tsarin ƙidaya na takwas, wato \156, ko na goma sha shida, wato \x6e. Idan ka rubuta print("Sa\x6e\156u"), kwamfuta za ta fitar da Sannu yadda take, alhali babu harafin da ya maimaitu. Farashin shi ne bayit 20.

A nan ne gwanaye suke raba gari da masu koyo, domin akwai sauran bayit ɗaya da za a iya ragewa. Kafin Python 3 ya fassara sunan umarni, yakan mayar da wasu haruffa masu kama da juna na Yunikod, tsarin da ya tattara haruffan harsunan duniya, zuwa siffarsu ta asali. Akwai wani n mai faɗi, wanda aka tanada domin rubutun ƙasashen gabashin Asiya, da yake cin bayit 3. Idan ka sa shi a cikin print, harshen zai karɓe shi a matsayin n na yau da kullum, sai naka n ɗin ya samu damar shiga cikin kalmar, shirin ya koma bayit 19. Ko alƙalan gasa za su ɗauki wannan a matsayin harafi daban, wannan magana ce ta sharaɗinsu, kuma ni a ganina dabara ce da ke dab da iyakar wayo, don haka ka tambaya kafin ka dogara da ita. Ka kuma lura cewa umarnin exec, mai gudanar da rubutu a matsayin shiri, wanda masu gajertawa suke ji da shi, ya faɗi tun daga ƙofa saboda e biyu da ke cikinsa, yayin da ɗan'uwansa eval ya tsira.

Wasu sukan kauce wa matsalar gaba ɗaya ta hanyar canza harshe. Harshen da wani mai rubuta shirye-shirye, Urban Müller, ya ƙirƙira a 1993 alamomi takwas ne duka umarninsa, babu harafi ko ɗaya, akwai kuma irin su GolfScript da Jelly da aka gina musamman domin gajertawa. Shi ya sa aka fi kwatanta amsoshi a cikin harshe guda.

Game da fa'ida kuwa, kada ka kai irin wannan rubutu wurin aiki, domin shirin da abokin aikinka ba zai iya karantawa ba nauyi ne a kansa. Amma wanda ya yini yana neman hanyar rubuta n ba tare da n ba, ya koyi lambobin haruffa, da bambancin harafi da bayit, da matakan da harshe ke bi wajen karanta rubutu, kuma waɗannan ne abubuwan da zai buƙata ranar da ƙ ko ɗ ta rikiɗe ta zama tarkacen alamomi a cikin manhajarsa. Ka fara da kalmomi masu harafi ɗaya da ya maimaitu, ka riƙa ƙirga bayit ɗinka bayan kowane gyara.