Ƙafar da ke ja bayan shanyewar ɓarin jiki: abin da muka gani da Baba

Ƴar uwa sannu da jinya, Allah ya ba Inna lafiya. Kin ce tun da tansiyo, wato hawan jini, ya kayar da ita ƙafar hagu take ja, yatsu na kartar ƙasa, shin ki sayo mata abin ɗaure idon sawu a farmasi? Nima na yi wannan jinyar da Babanmu nan Tahoua.

Wancan na farmasi mai kama da safa na targaɗe ne, irin na ƴan ƙwallo. Mun saya, asarar kuɗi kawai. Ai ba gaɓar ce ta lalace ba, naman da ke ɗaga ƙafa sama ne saƙon ƙwaƙwalwa bai isar masa sosai, naman sharaɓa kuma ya ƙage yana janyo ta ƙasa, shi ya sa kike ganin tana kewayo da ƙafar gefe kafin ta taka. Abin da kine, wato ma'aikacin asibiti mai sa majinyata motsa jiki, ya rubuta mana shi ne ortez, roba ce mai tauri da ta taso daga ƙasan gwiwa ta bi baya ta shige ƙarƙashin tafin ƙafa. Sai da muka hau kar zuwa Yamai, babban asibitin ƙasa, aka ɗauki awon ƙafarsa da filasta aka ƙera daidai shi. Kar ki karɓi aron na wani, ko na ɗan uwa ne.

Rigimar da ba wanda ya gaya mana ita ce takalmi. Ortez bai tafiya da silifa, sai takalmi rufaffe mai igiya, ki ƙara lamba ɗaya. Tsoho mai furfura ya ce wallahi shi ba ɗan lakwal ba ne da zai sa basket da babbar riga, kwana huɗu muna lallashi. Ranar da ya sa ya taka daga zaure har bakin masallaci ba tuntuɓe, sai ga shi da kansa yana tambaya ina safarsa.

Ki fara mata da awa ɗaya ko biyu, da doguwar safar auduga a ciki. Duk cirewa ki duba dunduniya da idon sawu, in ja ko shaida ta wuce minti 20 ba ta baje ba a mayar a gyara, balle in tana da ciwon suga ko ba ta jin ƙafar sosai. Lokacin zafin Afrilu gumi ya sa Baba ya yi ƙuraje, sai muka koma canza safa sau biyu a wuni. Kuma kar a bar ortez ɗin a rana ko kusa da murhu.

Ba warkar da ƙafar yake ba fa, tallafa mata yake, motsa jiki wajen kine da maganin tansiyo suna nan daram. Baba har yau da sandarsa yake fita, sallah kuma a kujera. Ki fara kai ta wurin kine ya ga tafiyarta da idonsa.