Amsa: An ce guguwar ƙarama ce, to me ya kawo wannan ɓarna?

Malam, sannu da jaje. Ka ce guguwa ta ratsa ƙaramin garinku a Oklahoma, ba ta yi minti biyar ba, ta yaye rufin garejinka ta kayar da bishiyoyi, amma hukumar yanayi ta kira ta mai rauni.

Ma'aunin ƙarfin guguwa na EF da Amurka ke amfani da shi tun 2007 ya kama daga 0 zuwa 5, kuma ɓarnar ake dubawa a ƙiyasta ƙarfin iskar. Ko EF0, wadda ta fi kowacce rauni, iskarta kan kai kilomita 105 zuwa 137 a awa. Yaye rufi ba wuya a wurinta.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hotuna saboda kamfanin inshora. Mutane kan yi saurin kwashe tarkace, daga baya su rasa shaida. Wayar lantarki da ta faɗi kuwa, kada ka kusance ta, kira kamfanin wuta. Janareta a waje, nesa da taga.

Rufin gidan ma a duba shi, ko da ka ga kamar lafiya lau, don yoyo sai an yi ruwa yake bayyana. Nemi ƙwararre mai lasisi. Masu bin gida-gida suna neman kuɗi kafin aiki, ni dai ban yarda da su ba.