Dawar Arewa a ƙasar Ikko: me ke sa ta fid da kai ba kan lokaci ba?

Wani bawan Allah mai lambu a wajen Ikorodu ya aiko da tambaya. Ya ce bara ya je gida Kano ya ɗebo irin farfara a rumbun mahaifinsa, ya shuka a watan Afrilu da ruwa ya sauka. A gida wannan dawar sai ta wuce tsayin mutum biyu kafin ta yi ciki, amma a nan ko kafaɗarsa ba ta kai ba ta fid da kai, ana tsakiyar ruwa, zangarniyar ta yi baƙi da fumfuna. Yana tambaya ko taki ne ya gaza.

Malam, ba taki ba ne, kuma ba wanda ya yi maka hannu. Dawar gargajiya tana lissafin tsawon dare. Muddin dare gajere ne, sai ta yi ta ganye da kara. Da zarar dare ya kai tsawon da irin ya saba da shi, sai ta bar yin ganye ta soma haɗa kai a can cikin kara, makonni kafin idonka ya gani.

To ga inda Legas ta ba ka matsala. A Kano, wajen 21 ga Yuni, yini yakan kai kusan awa 12 da minti 50, daga nan ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Farfarar mahaifinka tana jiran wannan raguwar ne, shi ya sa ko an shuka ta da wuri ko an makara, kusan lokaci ɗaya take fid da kai, daidai ɗaukewar ruwa, ta nuna a busasshiyar iskar kaka. Legas kuwa ta fi kusa da tsakiyar duniya, yini mafi tsawo a nan bai wuce awa 12 da rabi ba. Wato tun ranar da ta tsiro, daren Ikorodu yake ce mata damina ta zo ƙarshe, alhali ruwan Yuni ko farawa bai yi ba. Minti ashirin kacal, amma a wurin dawa ba ƙaramin abu ba ne. Wani mai bincike, D. L. Curtis, ya wallafa nazarinsa kan dawar Najeriya a 1968, ya nuna cewa kowane yanki irinsa yana fid da kai ne daidai da lokacin da ruwan yankin ke ɗaukewa. Kakanninmu ne suka yi wannan zaɓen, shekara bayan shekara, ba tare da agogo ba.

Shawarata: in dai sai ka yi dawa, ka jinkirta shuka zuwa ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, don ta nuna a Nuwamba zuwa Disamba da ruwa ya ja. Ba za ta yi tsayi ba, kada ka sa rai da karan danni. Kuma ka gwada 'yan kunyoyi tukuna, kar ka zuba duk irin. Ni dai da gonata ce, masara zan sa a damina ta fari, don ingantacciyar masara ba ta cika damuwa da tsawon dare ba. Ka tuna bambancin gero da maiwa a gida: gero kwanakinsa yake ƙirgawa ya yi bunni, maiwa kuwa sai ta jira dare ya ƙaru. Dawarka 'yar gidan su maiwa ce.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya ce a Agege, wadda ta shuka dawa a bayan katanga don karan da za ta ba tumakinta da ɗan abin kunu. Duk ta fid da kai ban da layin da ke ƙarƙashin fitilar sola, wanda yake nan kore shar, sai tsayi.

Hajiya, kin gano abin da ya ɗauki masana shekaru. A 1920 wasu Amurkawa biyu, Garner da Allard, suka nuna cewa tsawon yini na hana wata taba yin fure. Sai a 1938 Hamner da Bonner suka gano cewa duhun ne ake aunawa: in ka katse dogon dare da haske, ko na ɗan lokaci ne, tsiron ya ɗauka dare gajere ne. A cikin ganye akwai wani sinadari da ke sauya kama idan jan haske ya taɓa shi, shi ne idon tsiro. Ganyen ne ke jin dare, ba kan ba. Idan dare ya cika, ganye ya haɗa wani ɗan furotin ya tura shi ta jijiyoyin da ke kai abinci, har zuwa ƙwayar tohon da ke cikin kara, ya ce mata a daina ganye, a yi zangarniya. Wani masani a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, Chailakhyan, ya raɗa wa wannan saƙo suna filorijin tun 1936 ba tare da ya taɓa ganinsa ba. Sai a 2007 masu bincike a Japan suka bi sawunsa a jikin shinkafa. Fitilarki ce ke hana a aika saƙon. Ki sa a lanƙwasa mata ɗan kwano ta ɓangaren shukar, hasken ya koma tsakar gida. In tsaro bai bari ba, wannan layin ki yanke wa tumaki, baɗi ki sa wani abin a wurin. Masu shinkafa a gefen titi mai fitilu su ma su lura.

Sai mai tambaya ta uku, wanda wani mai shagon maganin feshi ya tallata masa ruwan kwalba, wai yana sa kowace shuka fure. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Yawancin irin waɗannan ko takin ganye ne ko sinadarin jibaralin. Shi jibaralin gaskiya ne, tsiro da kansa yana haɗa shi. An gano shi ne ta wata cutar shinkafa da Japanawa ke kira wawan tsiro, inda shuka ke zuƙewa ta yi tsayi siririya ta faɗi. A 1926 Kurosawa ya nuna cewa wani naman gwari ne ke zuba sinadarin da ke jawo haka. Babban aikinsa miƙa gaɓoɓin kara. A wasu ciyayin ƙasashen sanyi, masu jiran dogon yini, yana iya tayar da fure. Masu haɗa irin shinkafa ma suna fesa shi don kai ya fito sosai daga kubensa, amma bayan kan ya riga ya haɗu. Dawar da darenta bai cika ba kuwa, in ka fesa mata, dogon kara marar ƙwari za ka samu, iskar hadari ɗaya ta kwantar da shi. Haka in ka cika yuriya, ganye zai yi yawa, nuna ta ja baya. Kuma kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC, ko kyauta ce kar ka karɓa.

Masu yankan ciyawa suna kai wa 'yan raguna a Alaba Rago sun tambayi me ya sa dabba ke ƙin gamba idan kaka ta gabato. Ita ma gamba mai jiran dogon dare ce. Da ta soma fid da kai, ƙarfinta ya koma can, kara ya yi tauri, amfanin ganye ya ragu. A yanka tun tana ɗanya, kafin ta yi ciki. Rake ma haka: in kun ga farin fure kamar gashin tsuntsu a samansa, tsayi ya ƙare, kuma in ya daɗe a haka cikin karan yakan yi ɓargo, zaƙi ya ragu. Wanda ya yi furen shi za a fara sara a kai kasuwa.