Amsa Daga Zangon Kumasi: Abin da Ya Sa Muka Fi Tura Murya

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, da Baffa da duk mutanen gida.

Ka tambaye ni dalilin da ya sa a zauren WhatsApp na dangi ku mutanen Kano kuke rubutu da Hausa, mu na Kumasi kuwa sai dai mu danna mu yi magana, in ma mun yi rubutu sai da Turanci. Ka ce har wasu a nan wajenku suna ɗauka yanga ce, ko kuma Hausar ce ta kuɓuce mana. Wallahi ko ɗaya babu. Hausa na nan daram a bakinmu, a hannu ne ba ta zauna ba.

Harsuna 11 gwamnatin Ghana ta ɗauka ake koyarwa a makarantu, irin su Twi da Ga da Ewe da Dagbani da Gonja, amma babu Hausa a ciki, don ana yi mata kallon harshen baƙi duk da daɗewarta a ƙasar. Yaron da ya tashi a unguwar Aboabo ko Asawase a nan Kumasi da Hausa yake buɗe baki, da Twi yake ciniki a kasuwar Kejetia, da Turanci yake rubutu a aji, Asabar da Lahadi kuma ya tafi makarantar allo ko Islamiyya. Babu inda wani ya zaunar da shi ya nuna masa ƙa da ɗa da ɓa. Ni kaina da karance-karancen labaran Hausa a intanet na koyi wannan rubutun da kake gani, kuma irina ba su da yawa a unguwarmu.

Kakanninmu da suka biyo hanyar goro zuwa Salaga a arewacin Ghana, suka watsu zuwa Kumasi da Accra bayan yaƙin da ya tarwatsa garin a 1892, da ajami suke wasiƙa. Da ajami ya ja baya sai kaset ya karɓa. Ana ɗaukar muryar tsohuwa, a naɗe kaset ɗin a takarda, a ba direba ko mai zuwa Najeriya ya kai. Saboda haka da saƙon murya ya zo a waya, ba sabon abu ya kawo mana ba. Da ka ga Goggo Hajiya tana yi! Sai ta gyara mayafi, ta riƙe wayar da hannu biyu dab da baki, ta yi sallama, ta tambayi gajiya da iyali da ruwa, ta ɗan dakata kamar tana jiran amsa, sannan ta ce "to madalla" ta ci gaba. Kafin ta iso kan maganar an ci minti uku. Na san tsawon yana gundurar ku. Ku yi haƙuri da ita, a wurinta ziyara ta kawo muku, kuma ba a shiga gidan mutum a faɗi buƙata a tsaye.

Akwai kuma kunya, wannan sai na gaya maka gaskiya. Hausarmu ba ta cika raba namiji da mace ba, mukan ce "Hajiya ya zo", kuma harshenmu ya sha ruwan Twi da Turanci. Yarinya ta saka bidiyo a TikTok tana tallar kayanta, sai ka ga 'yan Najeriya sun cika ƙasan da dariya, wai wannan wace irin Hausa ce. Abin yana min ciwo ƙwarai. Mutanen da suka riƙe harshen nan sama da shekara 100 a tsakiyar Tonawa, wato Ashanti, har Dagomba da Mosi da Wangara da Kotokoli suka mai da shi harshen zango, ba dariya suka cancanta ba. Yanzu dai samarinmu sun fara kwaikwayon bakin Kano, saboda finafinai da tafsirin azumi da suke bi a waya. Ina murna da hakan, sai dai ba na son yaro ya ji kunyar yadda uwarsa take magana.

Inda waya ta sauya mu da gaske shi ne wajen zumunci. Tun da MTN ta kawo MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a 2009, kuɗi ya koma tafiya ta waya, daga kuɗin cefane har zubin adashi, wanda a nan ake ce wa susu. Mai sayar da koko da ƙosai ma ta rubuta lambarta a kwali ta jingina da bokiti. Shi ya sa harajin e-levy na kashi 1.5 cikin 100 da aka ɗora kan tura kuɗi ta waya a 2022 ya tayar da ƙura sosai, har aka rage shi, aka soke shi a 2025. Amfanin MoMo ba ya musantuwa. Amma a zango al'adarmu ita ce in ana aure ko suna ko addu'ar mamaci, a kafa rumfa a tare layi, a jera kujeru, kowa ya zo da ƙafarsa ya zauna. Yau sai mutum yana Kumasin nan, tsakaninsa da gidan rasuwa bai wuce kuɗin mota ɗaya ba, ya tura gudummawa, ya bi da murya ta rabin minti, ya ɗauka ya fita hakki. Na Jamus ko Amurka in ya yi haka an gode masa, ba shi da wata hanya. Na kusa kuwa, ni ban ga uzurinsa ba. Wadda mijinta ya rasu ba za ta tuna nawa ka tura ba kamar yadda za ta tuna ka zauna a tabarmarta.

Samari ma da ke zaman shan ataya da dare, butar na kan gawayi, kowa kansa a sunkuye, wasu kuma cacar ƙwallo ce ta cinye su. Wannan na san ku ma kuna fama da shi.

Wanda ya fi damun dattawanmu shi ne gaggawar sanar da mutuwa. Rai na fita, kafin a yi wa gawa wanka, wani ya riga ya ɗora hoto da Inna lillahi, ɗan mamacin da ke Nima ta Accra ko Tamale ya gani a waya yana tsakiyar aiki. Saboda haka gidanmu aka zauna aka yanke cewa babu mai saka hoto ko sanarwa sai babban gida ya kira 'ya'ya da 'yan'uwan ciki ɗaya da bakinsa. Kawu ya ce in roƙe ka ka isar da wannan ga 'yan'uwa na Kano, tunda zaure ɗaya muke, abin da aka saka a can nan take yake isowa nan.

A gaida Baffa da Inna da yara. Allah ya bar zumunci.