Ba Italiya gaba ɗaya masu sharhin Amurka suka yaba ba

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa masu sharhin fim na Amurka ba sa gajiya da yabon tsofaffin finafinan Italiya. Na daɗe ina kallon waɗannan finafinai, kuma a ganina ɓangare ɗaya suka zaɓa suka ɗaukaka, suka bar sauran.

Abin ya faro ne a 1946, da aka kai Roma città aperta na Roberto Rossellini wani ƙaramin gidan sinima a New York, ya shafe sama da shekara ana nuna shi. Mutanen da suka saba da ƙyale-ƙyalen Hollywood sai ga tituna na gaske da yunwar bayan yaƙi. Sai Ladri di biciclette na Vittorio De Sica a 1948, wanda jaruminsa ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan fim ba. Masu tace finafinan Hollywood suka hana shi hatiminsu, wai saboda inda yaron ya tsaya zai yi fitsari a jikin bango, da inda uban ya bi ɓarawon kekensa har gidan karuwai. De Sica ya ce ba zai yanke ko ɗaya ba, kuma fim ɗin ya samu Oscar na girmamawa a 1950. Rigimar Il miracolo kuwa, wani fim ɗin Rossellini, wanda limaman Katolika suka kira saɓo, sai da ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta yanke a 1952 cewa fim ma yana cikin 'yancin faɗar albarkacin baki.

A Italiya kuwa labarin daban ne. Giulio Andreotti, yana ƙaramin minista a gwamnati, ya caccaki De Sica kan fim ɗinsa Umberto D., wai yana zubar da mutuncin ƙasa a idon duniya. Talakan Italiya kuwa Totò ya sani, ɗan barkwancin Napoli, wanda da wuya ka ji sunansa a bakin 'yan sharhin New York.

Na kaboyi ne ya fi ba ni dariya. Sergio Leone ya yi nasa na farko a 1964: an ɗauka a Sifaniya, labarin daga fim ɗin Kurosawa na Japan, jarumin kuma Clint Eastwood. Da ya isa Amurka a 1967 suka raina shi, wai kwaikwayo ne mai yawan zubar da jini. Amma irinsa ne suka karaɗe duniya, har iyayenmu suka riƙa yi musu layi a sinimomin Kano da Kaduna. Sai da daraktoci irin su Quentin Tarantino suka dinga cewa a wurin Leone suka koyi sana'a, sannan aka daina jin kunyar kiransa gwani.